Taliyar da ke jure kula

Ni dai ba a tukunya nake gane taliya mai kyau ba, a kula nake gane ta. Ina sauke girki wajen ƙarfe ɗaya, yara su ci su wuce Islamiyya, shi kuwa Baban Ummi ba ya shigowa sai bayan la'asar. Taliyar da za ta yi awa uku a rufe cikin tururinta, a buɗe a same ta wara-wara, ita ce tawa.

Wahala ce ta koya mini sa ido. Kwanakin baya na aiki ƙanena Kasuwar Singa ya ɗauko mini katan, aka nuna masa wata mai sauƙin kuɗi, ledarta sai sheƙi. Ranar farko na yi dafa-duka da busasshen kifi da daddawa. Ko minti bakwai ba ta yi a wuta ba ruwan ya yi fari fat kamar an dama koko. Da yamma Baban Ummi ya buɗe kula ya sa cokali mai yatsu, sai ga ta duk ta taso masa dunƙule guda. Ya dube ni ya ce, "Maman Ummi, yau tuwon taliya aka yi mana?" Araha ba ta ado. Sauran leda 19 ɗin a taliya da wake na ƙarar da su, tunda a can ko ta caɓe ba mai ƙorafi.

Daga nan na daina sayen katan ido rufe. Na riƙa ɗauko leda ɗai-ɗai mai giram 500, ina dafa kowacce a tukunya ɗaya da ruwa daidai wa daida.

Golden Penny mai kauri ita ta fi burge ni a dafa-duka. Tana shan romon tattasai da attaruhu har cikinta, amma silinta na nan a tsaye, kuma ta ci jarrabawar kula har sau uku. Siririyarta kuwa ta manja da yaji ce, a tsane a kwando a ci nan take da zafinta. Kowace siririyar taliya haka take, ba ta son jira. Honeywell da Crown ma sun fitar da ni kunya ranar da na yi baƙi. Sai daga baya na san cewa sunayen ne da yawa, masu su kaɗan ne: kamfanin Flour Mills, mai Golden Penny, ya sayi mafi yawan hannun jarin Honeywell a 2022, Olam mai Crown kuma ya saye kamfanin fulawa na Dangote tun 2019.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na sayi Barilla ta Italiya a babban kanti, don in ji abin da ake ta yabo. Gaskiya ta kai. Ruwan dahuwarta bai yi kauri ba, kuma ko da ta huce ba ta manne ba. Sirrin a alkama yake. Tun 1967 dokar Italiya ta ce busasshiyar taliyar da ake yi a ƙasar don sayarwa a cikinta sai an yi ta da tsakin alkamar durum, wata alkama mai tauri da yawan furotin. Furotin ɗin ne ke riƙe sitaci kada ya zube cikin ruwa, shi ya sa taliyar da aka yi da fulawa mai laushi take saurin narkewa. Na bi mintocin da aka rubuta a kwalin, na kai wa surukata. Ta tauna, ta ce, "'Yar nan, gas ɗin ne ya ƙare?" Na ce, "A'a Hajiya, haka masu ita ke ci, da ɗan tauri." Ta ce to a mayar mata da nata wuta. Mu dai mun fi son ta nuna sosai, don haka sai ki ƙara minti biyu ko uku. Kuɗin kwali ɗaya kuwa zai saya miki leda da dama na gida, a gidan mutum tara ba abin yau da gobe ba ce. Ta gidan ma ba ta tsira daga tsada ba, domin yawancin alkamar da ake sarrafawa a Najeriya daga waje ake shigo da ita, tun da aka saki naira a 2023 farashinta ke bin dala.

Yanzu in na shiga kanti, ɗaga ledar nake yi sama wajen haske. Ina son launin ya yi ruwan zuma-zuma, ba fari kamar alli ba. In na ga ɗigo-ɗigon fari ko tsagewa a jikin silin, ko gutsattsari da gari sun taru a gindin leda, na ajiye, don ko dai ta sha jifa a hanya ko ƙwari sun riga ni. Sai in juya baya in duba ko an rubuta durum, in duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Mai kantin unguwarmu har tsiya yake mini, wai "Hajiya, taliya za ki saya ko zinare?"

Duk da haka ran Juma'a ba ruwana da leda. Akwai wata dattijuwa a bayan layinmu da ke murza taliyar Hausa da injin hannu, ta shanya a igiya a tsakar gida. Ita wannan ba ta san kula ba, minti kaɗan ta dahu, dole a ci da zafinta da manja da yaji. Baban Ummi ya san haka, ran nan daga masallaci gida yake yo kai tsaye.