Ƙunshin makonni shida na bayan tiyatar rage ƙiba: kofunan sun yi, garin shan kuwa sai a hankali

Wannan ƙunshin da ake tallata wa masu dawowa daga tiyatar rage ƙiba a Alkahira da Istanbul, wanda aka ce zai riƙe mutum makonni shida na farko, na saye shi bayan aikin silif (tiyatar rage girman tumbi) kuma na bi shi har ƙarshe. Kuɗinsa ba zan faɗa ba, ba sai na tayar wa kowa da hankali ba. A kwalin akwai roba biyu na garin furotin, kofunan awo masu cin mil 30 guda goma, ƙaramin sikelin abinci, bitamin na taunawa, takardar jadawali, sai lambar WhatsApp ta wata da aka ce ƙwararriya ce kan abinci kuma tana nan dare da rana. Tauraro huɗu na yi niyyar ba su da na zauna rubuta wannan.

Kofunan ne suka ja musu huɗun. A aikin silif ana cire kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na tumbi, a bar siriri mai siffar ayaba, shi ma a kumbure yake a makonnin farko. Amma jiki yana nan yana neman ruwa aƙalla lita ɗaya da rabi a rana. Kofi ɗaya duk minti 15 yana ba da mil 120 a awa, ke nan sai an yi awa goma sha biyu da rabi ana kurɓa kafin a cika lissafi. Wanda bai fara da wuri ba, ba zai kai ba. Dabarar ita ce a jera kofunan goma a faranti a cika su, in sun ƙare a yi alama a takarda, zagaye biyar an gama. Ƙarancin ruwa yana cikin manyan abubuwan da ke mayar da mutane gadon asibiti a watan farko, balle a zafin Afrilu, kuma alamunsa ba ɓoyayyu ba ne: fitsari ya yi duhu kamar shayi, jiri in an miƙe, ciwon kai da bushewar baki. Nan dai sun kyauta.

To, garin.

A gaban robar an rubuta gram 25 na furotin da manyan baƙaƙe, har da "babu sukari". Sai ka juya baya, inda ake jera kayan haɗi daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, ka ga abu na farko maltodekstirin ne. Sitaci ne da aka sarrafa, yawanci daga masara, doka ba ta tilasta a kira shi sukari ba, amma yana shiga jini da sauri kamar sukarin ko ma ya fi. Na biyu kolajin, furotin ne amma gurgu, domin babu tiriftofan a cikinsa, ɗaya daga cikin sinadaran da jiki ba ya iya haɗawa da kansa, don haka ba a ƙirga shi cikakke cikin gram 60 zuwa 80 da likitoci ke so a samu kullum. Furotin ɗin madara sai a na uku ya zo, shi ma ba tataccen nan da ake kira aisolet ba ne, mai sauran sukarin madara ne, wanda hanji da yawa ba sa ɗauka bayan tiyata. Gram 25 ɗin kuma na cokalin awo biyu ne a ruwa mil 300, abin da sabon tumbi zai yi fiye da awa biyu yana fama da shi.

Takardarsu ta ce daga rana ta goma a sha mil 120 a zama ɗaya. Na bi. Minti ashirin ba su cika ba gumi ya keto, zuciya na dukan uku-uku, ciki ya murɗa, sai gudawa. Bayan kamar awa biyu, ana zaton an tsira, sai rawar hannu, duhun gani da wata muguwar yunwa. Wannan shi ne abin da likitoci ke kira damfin. Abu mai zaƙi ko sitaci ya zube cikin ƙaramin hanji gaba ɗaya, ya janyo ruwa daga jini zuwa hanji, shi ne kashin farko, wanda ke zuwa tsakanin minti 10 zuwa 30. Sannan sukarin jini ya yi sama, jiki ya sako insulin fiye da kima, sukarin ya faɗo ƙasa warwas, shi ne kashi na biyu, awa ɗaya zuwa uku bayan sha. An fi ganinsa ga masu baifas, wato tiyatar da ake sa abinci ya tsallake yawancin tumbi da farkon hanji, amma masu silif ma ba su tsira ba. Garin da aka sayar musamman don masu tiyata a ce shi ne ke jawo wannan, wallahi abin da ciwo.

Ba ma damfin ɗin ne ya fi ƙona min rai ba, lambar WhatsApp ɗin ce. Bugun zuciya mai sauri a kwanakin nan ba abin wasa ba ne, domin shi ne alamar farko ta yoyon ɗinki, matsalar da ke kisa in an yi jinkiri. Saƙo ya tafi ƙarfe tara da rabi na dare da cikakken bayani. Alama biyu suka yi shuɗi, an karanta ke nan. Amsa ba ta zo ba sai hantsi washegari, kuma ga abin da ta ƙunsa: a ci gaba da shan ruwa, a kwantar da hankali, da hoton zuciya ja. Duk wanda ya san aikin nan tambaya huɗu zai yi nan take. Bugun zuciya nawa ne a minti ɗaya cif, da agogo a hannu? Akwai zazzaɓi? Akwai ciwo a kafaɗar hagu ko ƙarƙashin haƙarƙari? Numfashi yana yin sama-sama? Damfin yana lafawa in an kwanta rabin awa zuwa awa ɗaya. Yoyo ba ya lafawa. Bugun da ya wuce 120 ya ƙi sauka, ko da babu zazzaɓi, asibiti ake tafiya a daren, a gaya musu irin aikin da aka yi da ranar da aka yi shi. In kuma faɗuwar sukari ce ta kashi na biyu, cokali ɗaya na zuma a ruwa ana kurɓa, a bi shi da abu mai furotin don kar ya sake faɗuwa. Ko layi ɗaya daga cikin wannan babu a takardarsu, ita ma baiwar Allah ba ta faɗa ba. Da na sake karanta amsar tata yanzu, huɗun nan ta koma biyu.

Jadawalin matakai daidai yake da abin da asibitoci ke bayarwa: ruwa-ruwa mako biyu, markaɗaɗɗe mako na uku da na huɗu, mai laushi na biyar da na shida. Sai dai kwafo shi aka yi daga wata ƙasa, cike da yogot ɗin Girka, cukuin Turawa da naman talo-talo. Mutumin Kano ko Maraɗi ya duba ya rasa, sai ya koma wa kunu, kuma kunu tarko ne: yana wucewa salin-alin, yana cika wurin, furotin ɗinsa kaɗan, in an sa sukari ga damfin. Abin da ke maye gurbinsu yana nan a gida. Kindirmo marar sukari, wanda aka yi da tafasasshiyar madara, a zuba a ƙyalle mai tsabta ya tsane awa uku a firiji, furotin ɗinsa yana kusan ninkawa. Romon kaza ko na kifi a kwashe man saman, a bar shi ya huce kafin a zuba garin furotin, don da zafi dunƙulewa yake yi. A mako na uku, ƙwai ɗaya gram 6 ne na furotin, a dafa shi da laushi. Awara ba soyayya ba, gram 100 tana ba da wajen gram 8, a markaɗa da romo. Alale mai ruwa-ruwa ba manja da yawa ba barkono. Cokali biyu zuwa huɗu a zama, cikin minti 20, furotin a fara ci, kuma kar a haɗa ci da sha, a bar rabin awa tsakani. Tuwo, burodi da shinkafa suna cunkushewa su tsaya a ƙirji, tsire da kilishi sun yi bushewa, lemon kwalba kuwa a manta da shi.

Ɓangaren zuciya shafi ɗaya suka ba shi, wai a riƙa kyakkyawan zato. Nan ne na tabbata wanda ya rubuta bai taɓa zama da kofin mil 30 a hannu ana soya albasa a kicin ba. Mako na biyu zuwa na uku nadama takan zo, mutum ya zauna yana tambayar kansa me ya kai shi, kuka ya zo ba dalili, fushi kan abin da bai kai ya kawo ba. Akwai dalili. Jiki na rayuwa kan abin da bai wuce kalori 400 zuwa 600 ba, barci ya lalace, ga shi abin da aka saba huce haushi da shi an ɗauke. Yunwar ciki takan ragu domin ɓangaren tumbin da ya fi samar da sinadarin yunwa, girelin, shi aka cire, amma kwaɗayin ido da na hanci suna nan daram. Sannan a wajen mako na uku sikeli yakan tsaya cik kwana bakwai ko fiye, jiki na daidaita ruwansa ne, amma wanda ba a gaya wa ba sai ya ɗauka kuɗinsa sun tafi a banza. A gidajenmu kuma ga 'yan dubiya da kwanukan farfesu, ga "daure ki ci ko loma ɗaya ce", ga mai cewa duk kin zabge.

Abin da ya kamata shafin ya ƙunsa ba shi da wuya. Hawa sikeli sau ɗaya a mako, rana ɗaya, da safe. A zauna tare da iyali lokacin cin abinci da ɗan kofin romo maimakon kulle kai a ɗaki. A samu mutum ɗaya a gida da ya san dokokin, shi zai riƙa tare masu tayi, ya ce likita ne ya hana. In kwaɗayi ya taso a duba agogo, a kurɓi ruwa, a taka minti goma, galibi kafin nan ya wuce. In baƙin ciki ya zarce mako biyu, ko mutum ya daina sha da gangan, ko tunanin cutar da kai ya shigo, wannan na likita ne a ranar. Mai shan maganin damuwa tun kafin tiyata kar ya yanke shi, ya tambaya ko za a sauya masa samfurin, don ƙwayoyi masu narkewa a hankali ba sa shiga jiki yadda suka saba, musamman bayan baifas.

Na so in tsaya nan, sai na tuna bitamin ɗin. Irin mai kamar alawa ne, babu ayon (sinadarin ƙarfe mai ƙara jini) a ciki, babu bitamin B1, alhali mai yawan amai bayan tiyata B1 ne ke fara ƙare masa cikin 'yan makonni, kuma ƙarancinsa yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Kalsiyam ɗin kuma kabonet ne, wanda sai da ruwan tsamin ciki yake narkewa, ga shi kusan kowa an ɗora shi kan omefurazol mai rage tsamin. Sitiret ake so, miligram 1,200 zuwa 1,500 a rana, a raba kashi biyu ko uku, a ba shi tazarar awa biyu da ayon. Ko gargaɗin a guji ibufurofen da diklofenak, masu jawo gyambon ciki, ba su sa ba.

Na nemi a karɓi roba ta biyu da ko buɗe ta ban yi ba, aka ce ba a mayar da kayan ci. Tauraro ɗaya, na kofuna da sikeli. Su ma kofunan, kowane kemis yana da irinsu.