Shagon da ya gano ciwon fankar laftof ɗina a Garwa

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda yake Garwa ta Kamaru ko kewaye kuma fankar laftof ɗinsa ta dame shi, wato wani lokaci ta yi ta ƙara ba gaira ba dalili, wani lokaci kuma ta yi tsit alhali inji na ƙuna, to akwai wani ɗan ƙaramin shago a layin masu gyaran waya kusa da babbar kasuwa da nake so ku sani. Ni dai na kai tawa kuma na ga aiki, shi ya sa zan faɗi abin da ya burge ni da wanda bai min daɗi ba, don kar wani ya je da tsammanin abin da babu. Ban sa sunan mai shagon ba saboda ban nemi izininsa ba, amma in kun shiga layin kuka tambayi mai gyaran BIOS, wato tsarin da ke tada inji kafin Windows ta hau, yaran wurin za su nuna muku.

Sana'ata buga takardu ce, memuwar ɗalibai wato kundin kammala karatu, takardun neman aiki, katin biki da sauransu, to kun ga laftof ɗin nan ita ce abincina. Okaziyo ce, wato ta hannu, irin waɗanda ake kawowa daga Duwala. Ciwonta kuwa shi ne in na kunna ta da safe fanka na aiki lafiya lau, amma da zarar na rufe murfi na je sallah na dawo na buɗe, shikenan fanka ta mutu, inji ya yi ta ɗaukar zafi har gefen hagu ba ya taɓuwa, Word ma ya dinga nauyi, daga nan sai ta kashe kanta da aikin mutane a kai. In na sake kunnawa kuma sai fankar ta tashi da ƙarfinta duka ta ƙi sauka. Kun san zafin Garwa a watan Maris da Afrilu, ya wuce digiri 40 a inuwa, ga ƙurar hunturu da ta riga ta cika komai tun Disamba, to duk wanda na faɗa wa sai ya ce ai zafin gari ne kawai. Wani mai gyara ya canja min fanka sabuwa, ba abin da ya sauya. Wani kuma ya yi fomatin ya sa min Windows daga kle ɗinsa, wato filash, nan ma jiya i yau, sai ma abin ya ƙaru.

Abu na farko da ya sa na ji hankalina ya kwanta da wannan shagon shi ne mutumin bai ɗauki sukundireba ba sai da ya gama yi min tambayoyi. Yaushe take tsayawa, a kan caja ko a kan batir, bayan barci ne ko tun kunnawa, wa ya sa Windows ɗin, an taɓa sabunta BIOS. Da na ce masa bayan rufe murfi ne sai ya ce, "Yaya, fankarka ƴar aike ce, wanda ya aike ta za mu nema." Ya bayyana min cewa a laftof akwai wani ɗan ƙaramin cip a kan bod da ake kira EC, shi ke kula da kibod da cajin batir da maɓallin kunnawa da fanka, yana da nasa ɗan tsarin da kamfani ya rubuta masa a ciki, kuma yana aiki tun kafin Windows ta farka. Shi ke karanta zafi ya yanke gudun da fanka za ta yi. Windows ko Linux suna magana da shi ne ta wata ƙa'ida mai suna ACPI wadda Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da ita a 1996, kuma teburan wannan ƙa'idar a cikin BIOS suke zaune, to in akwai kuskure a can ko sau nawa ka yi fomatin yana nan yana jiranka. Wallahi tunda nake kai inji gyara ba wanda ya taɓa zama ya min bayani haka, da Hausa kuma, in wata kalma ta ƙi sai ya haɗa da Faransanci.

Yadda ya bi gwajin ma abin kallo ne. Ya cire fankar ya ba ta wuta volt 5 kai tsaye, ta juya sumul. Ya nuna min wayoyinta guda 4, biyu na wuta, ɗaya mai gaya wa bod yawan juyin da take yi a minti, ɗaya kuma mai kawo umarnin gudu, ya ce in ta ukun ta tsinke inji zai ɗauka fanka ba ta juyawa ko da tana yi, shi ya sa wasu ThinkPad ke rubuta Fan error wasu HP kuma su nuna 90B tun a farkon kunnawa. Tawa duk wayoyin lafiya. Ya mayar, ya shiga BIOS ya bar ta a nan tana ɗumi, fanka ta tashi daidai lokacin da ya kamata. Sannan ya sa HWiNFO, manhajar da ke nuna zafi da juyin fanka, a Windows muna kallon lambobi tare, ya sa inji barci ya tashe shi, juyin fanka ya tsaya a 0 zafi kuma ya haura 90 yana ta hawa. Ya ce yawancin irin waɗannan furosesa na Intel iyakarsu wajen digiri 100 ne, kafin su kai nan sukan rage gudun kansu don su tsira, nauyin da nake gani kenan, in abin ya ƙi kuma su kashe inji gaba ɗaya.

Gwajin da ya raba gardama shi ne na Ubuntu, wani nau'in Linux, wato tsarin da ba Windows ba. Ya tashi injin daga kle ba tare da ya taɓa fayilolina ba, ya buga umarnin sensors ya ga zafi, ya sa shi barci ya tashe shi, fanka ta sake mutuwa kaman yadda take yi a Windows. Ya ce to ka gani, tsari biyu daban ciwo ɗaya, ke nan abin yana ƙasa da su duka. Daga nan ya cire caja da batir ya danne maɓallin kunnawa wajen daƙiƙa 30 don EC ya manta halin da ya maƙale a ciki, fanka ta dawo daidai, amma ya faɗa min gaskiya tun kafin in yi murna cewa wannan na ɗan lokaci ne, barci na gaba za ta koma. Haka kuwa aka yi a gabanmu.

Maganin ya fito ne daga shafin kamfanin da ya ƙera injin. Ya duba lambar da ke ƙasan laftof, ya ga BIOS ɗina tun na fitowarta ne, kuma akwai sabbi da yawa a bayansa, ɗaya a ciki har da sabon tsarin EC. Nan ne na ga bambancin mai sani da mai kame-kame, don ya ƙi yin mizajur ɗin, wato sabunta BIOS, a ranar. Batirina ya riga ya mutu, minti kaɗan yake riƙewa, wutar gari kuma kun san halinta, tana iya ɗaukewa kowane lokaci musamman in ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya a ƙarshen rani. Ya ce in wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta BIOS inji na iya ƙin tashi kwata-kwata, sai an ciro cip an rubuta shi da na'ura ta daban, wani lokaci ma a rasa bod ɗin. Ita kanta manhajar sabuntawar ba ta yarda ta fara in batir bai da isasshen caji. Sai da ya nemo aron batir mai kyau na irin injina wajen wani abokin sana'arsa, ya haɗa cajar a kan invata ta sola da yake da ita a shago, sannan ya yi. Kafin nan ma ya tambaye ni ko BitLocker, tsarin Windows mai kulle diski, na kunne, don bayan sabunta BIOS yakan nemi makullin nan mai lamba 48 kuma wanda bai ajiye nasa ba zai iya rasa duk abin da ke cikin diski. Nawa ba ya kunne, amma tambayar kaɗai ta nuna min ya san abin da yake yi.

Bayan an gama, barci da tashi sau da yawa ya gwada, fanka na dawowa kowane karo. Saura kuma gefen Windows, don wanda ya min fomatin ashe bai sa direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke kula da zafi ba, a Device Manager akwai alamomi masu ruwan ɗorawa a jere ba suna. Ya sauko da na Intel da ake kira DPTF daga shafin kamfanin, ya gyara tsarin sanyaya a cikin saitin wuta ya mai da shi Active domin fanka ta fara tashi kafin furosesa ya rage gudu, ya kuma nuna min dabarar sa iyakar furosesa a kashi 99 wadda ke hana turbo, wato ƙarin gudun furosesa, aiki, ya ce ga mai buga takardu ba abin da zan rasa kuma zafi zai sauka sosai a watannin bazara. Ya kashe Fast Startup ma, ya ce tun Windows 8 in ka danna kashewa ba kashewa ce ta gaske ba, tana ajiye wani sashe ta ɗora daga nan, shi ya sa wani ciwon sai Restart ke kore shi. A ƙarshe ya buɗe ya share ƙurar da ta toshe ƙarfen da iska ke fita, ya riƙe fankar da yatsa lokacin da yake hura mata iska don kar ta yi juyin da ya fi ƙarfinta, ya goge tsohon man furosesa da ya bushe ya sa sabo. Yanzu ina aiki da rana tsaka zafin na yawo tsakanin 55 da 70.

Na tambaye shi zancen NoteBook FanControl don wani ɗalibi ya taɓa ce min in sa shi in dinga juya fanka da kaina. Bai kushe manhajar ba, ya ce kyauta ce kuma tana ceton injinan da kamfani ya daina fitar musu da BIOS, amma tana rubutu ne kai tsaye cikin EC bisa fayil da aka shirya wa kowane samfuri, in ka zaɓi na wani injin daban kana iya taɓa abin da ba fanka ba. Ya ce SpeedFan kuwa yawanci a kwamfutar tebur take amfani, a laftof sau da yawa ba ta ma ganin fankar.  Ni dai ya ce ba na bukata tunda tushen ciwon ya gyaru, kuma na ji daɗin da bai ɗora min abin da zai ƙara masa kuɗi ba.

To abin da bai min ba. Shagon ƙarami ne ƙwarai, benci ɗaya, in mutum uku suka zauna na huɗu sai tsayuwa a rana, ga hayaniyar ƴan moto. Ba ya ɗaukar waya in yana aiki, saƙon WhatsApp ma sai dare yake dubawa, ni kuma kwastomomi na jirana, wannan ya ƙona min rai gaskiya don ranar da ya ce in dawo batirin aron bai iso ba kuma ba wanda ya sanar da ni. Ba ya ba da rasit, yaronsa ne ke rubuta suna a wani littafi kawai, kuma inji mai ɗauke da takardun mutane ya kamata a ce akwai wata shaida a hannunka. Na faɗa masa wannan, ya ce "In sha Allah yaya za a gyara", muna fata. Sannan bayan sabunta BIOS saiti ya koma na asali, maɓallan Fn suka juye, bai tuna ya gaya min ba sai da na koma. Aikin walda a kan bod kuma, irin canja cip ɗin EC in ya ƙone, ya ce ba ya yi, yana tura wa wani ne, to wanda ciwonsa ya kai nan ya san za a ƙara jira da kuɗi.

Kuɗi kuwa sefa 10,000 na biya duka, da bincike da mizajur da shara da man furosesa, abin da na kashe a wuraren farko biyu ya fi haka kuma ba biyan bukata. Yana karɓar Orange Money da MoMo. Kuɗin bincike yake faɗa tun farko, sauran sai ya ga ciwo.

Wani abu da ya ja hankalina a kai, kuma ya shafi da yawanmu masu tsofaffin injina, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, yanzu mutane na ta tilasta Windows 11 a kan laftof da ba su cika sharaɗi ba. Ya ce injin zai tashi, amma kamfanin da ya ƙera shi bai fitar da direbobin zafi da na maɓallai don sabon tsarin ba, kuma yawancin masu kawo masa kukan fanka kwanan nan daga nan abin ya faro. Shawararsa a fara sabunta BIOS zuwa na ƙarshe kuma a ajiye direbobin a kle kafin a taɓa komai.

In za ku je ku tafi da cajarku ta asali, ku kwashe muhimman fayiloli a wani wuri tukuna, ku kuma lura da lokacin da fankar ke rikicewa don shi ne farkon abin da zai tambaya. Da safe ya fi, kafin layi ya taru, ranar Juma'a kuma yana rufewa tun kafin azahar sai bayan la'asar.