Ƙamus ɗin Merriam-Webster na intanet da kalmomin kiran jama'a a Turanci

Duk mai rubuta wasiƙun aiki da Turanci ya san inda gizo ke saƙar idan aka zo gaishe da taron da ya haɗa maza da mata, kuma a wannan gaɓar ce na fi cin moriyar ƙamus ɗin Merriam-Webster, wanda ake buɗewa kyauta a intanet da kuma manhajar waya. Kamfanin yana birnin Springfield na jihar Massachusetts a Amurka, kuma ya gaji aikin Noah Webster, Ba'amurken marubucin ƙamus, ne bayan rasuwarsa a 1843.

Kalmar da ta fara kai ni gare shi ita ce "guys". Ina shirya saƙo zuwa ga abokan aiki shida, huɗu daga cikinsu mata, sai yatsana ya tsaya a kan allon waya, domin ban tabbata ko gaisuwar za ta yi musu daɗi ba. Ƙamus ɗin ya nuna cewa tilon kalmar namiji yake nufi, amma jam'inta ana faɗa wa taro ba tare da duba jinsi ba. Ya kuma danganta asalinta da Guy Fawkes, mutumin da aka kama a 1605 bisa yunƙurin tarwatsa majalisar dokokin Ingila da albarushi, wanda daga baya aka riƙa ƙona mutum-mutuminsa kowace ranar 5 ga Nuwamba. Bahaushe ba shi da wannan damuwa, saboda "ku" ta ishe shi ga maza da mata baki ɗaya, alhali Turanci yana amfani da "you" ga mutum ɗaya da kuma taro, abin da ya sa Amurkawa suke cike giɓin da "you guys" ko "y'all".

Bayanin ƙamus ɗin a kan "they", wato "su" a Turanci, ma ya gamsar da ni. A Satumbar 2019 ya ƙara mata ma'anar mutum guda da ba ya son a kira shi da wakilin sunan namiji ko na mace, kuma a ƙarshen shekarar ya zaɓe ta gwarzuwar kalma, tare da tunatar da cewa Turawa sun shafe fiye da shekara 600 suna amfani da ita ga mutum ɗaya da ba a san jinsinsa ba.

Iyakarsa ita ce yana rubuta yadda mutane ke magana ne, ba ya yanke hukunci a kan ladabi, ga shi kuma ya fi karkata ga Turancin Amurka. Akwai matan da "guys" ba ta dame su ba, akwai kuma waɗanda ke jin an shafe su da ita, musamman a ofis. A wancan saƙon dai na goge ta, na rubuta "everyone", kuma har yau ita nake amfani da ita a wasiƙun aiki.