Akwatin ɗumin ƙwan saniya: wanda ba ya sanyayawa ba na bazarar Maradi ba ne

Akwatin ɗumi na ɗauka a hannu, wanda ake jigilar ƙwan saniya da shi daga garke zuwa labo don a haɗa tayi a can, iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai ɗumamawa kawai, akwai kuma mai ɗumamawa da sanyayawa, wanda aka sa wa farantin Peltier, mai fitar da zafi da ƙarfin lantarki, da ƴar fanka. Duka biyun suna alkawarin riƙe digiri 38.5, wato zafin da ƙwan ke nuna a cikinsa. A ƙasashen da aka ƙera su, haka ne. Amma a Maradi, cikin Afrilu da Mayu, ko a inuwa zafi yana wuce digiri 40, balle cikin motar da ta tsaya a rana. Na'urar da ba ta iya komai ba sai ƙara zafi, idan waje ya fi ciki zafi, aikinta ya ƙare. Lambar allo ta hau 40, ta hau 41, mai aiki yana kallo.

Digiri biyu da rabi kamar ba komai ba ne, amma ga ƙwai babbar ɓarna ce. Bayan an zuƙo shi daga gidan ƙwai na saniya, yana yin awa 22 zuwa 24 cikin ruwan reno da ake kira TCM-199, mai sinadarin FSH da ke taimaka masa nuna, kafin a haɗa shi da maniyyin bijimi, kuma awa 12 na farko sun fi haɗari. Idan ya sha digiri 41 a wannan lokaci, zaren da ke raba ƙwayoyin gado yakan karkace, ƙarfin da ƙwan ya tara ya ragu, ya tsufa tun bai kai ba. Abin haushin shi ne ɓarnar ba ta fitowa nan take. Kwana biyu bayan haɗi za a ga ƙwayaye suna rabuwa kusan yadda aka saba, sai a kwana na 7 lissafi ya rushe. A labo mai kyau, cikin ƙwai 100 akan sami 30 zuwa 40 da suka zama tayin da za a iya dasawa. Wanda ya sha zafi a hanya ba ya kai haka. Sau da yawa sai a ɗora laifin a kan irin bijimi, alhali akwati ne.

Mai sanyayawar ya fi tsada, kuma shi ma yana da nasa. Sanyayawa tana cin batir fiye da ɗumamawa, don haka awannin da aka rubuta a kwali kada a dogara da su a bazara. A nemi mai igiyar mota ta bolt 12. Fankarsa tana shaƙar ƙura, in ragar ta toshe farantin ba ya iya fitar da zafi, a riƙa kakkaɓe ta kafin kowace tafiya. Sannan lambar da ke allo zafin ƙarfen da kwalaben ƙwai ke zaune a ciki ce, ba na ruwan ba. A zuba ruwa a kwalba guda daidai yawan na sauran, a tsoma wani ma'aunin zafi daban, shi ne mai faɗin gaskiya.

Yawancin ƙananan akwatunan ba su da iskar kabon ta kashi 5 cikin ɗari irin ta babban inkubatan labo. Ko dai a yi aiki da ruwa mai HEPES, sinadarin da ke daidaita tsamin ruwan ba tare da iskar ba, ko a cika kwalaben da iskar tun a labo a toshe gam. Ƙwai 25 zuwa 30 a rabin mililita, a rufe da man ma'adinai a sama, domin busasshiyar iskarmu tana tsotse ruwa, gishiri ya yi yawa. A kunna akwatin awa guda kafin aiki.

Gidajen ƙwai da aka yanko a mahauta ba sa buƙatarsa. Fulas ya isa, da ruwan gishiri, giram 9 a lita, mai ɗumin digiri 30 zuwa 35, a isa labo cikin awa uku zuwa huɗu. Ƙanƙara ba ta shiga. A zuƙo da allura mai lamba 18 daga ƙurajen jikin gidan ƙwan, waɗanda girmansu ke tsakanin milimita 2 zuwa 8.

Akwai abin da akwati ba ya gyarawa. Ƙwan da ya girma a jikin saniyar da ta sha bazara ya riga ya taɓu, kuma raunin yakan bi ta har wata biyu bayan saukar damina. Shanun Azawak da Bororo sun fi haƙurin wannan a kan Holstein ta Turai da ruwa-biyunta. Sinadarin sistiyamin da ake ƙarawa a ruwan reno yana rage ɓarna, ba ya mayar da 41 ta zama 38.5.

Wanda aikinsa na hunturu ne kawai, Disamba zuwa Fabrairu, kuma labonsa cikin gari, mai arahar zai ishe shi. Wanda zai kai ƙwai Yamai, tafiyar sama da kilomita 600, rabin nunar a kan hanya za ta faru, mai sanyayawa ne nasa. Kafin a biya kuɗi, a buɗe littafin na'urar a duba iyakar zafin wajen da take jurewa. Idan bai kai digiri 40 ba, a bar wa mai kanti abinsa.