Carfax fes, mota kuma ta sha duka

'Yan uwa na gida, musamman masu turo saƙo a duba musu mota kafin ta hau jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Legas, bari mu yi maganar takardar nan ta Carfax, wato rahoton tarihin mota, da kuka ɗauka kamar yankan wuƙa.

Abin da ke fara burge baƙo a Amurka shi ne, kana tsaye gaban mota ka leƙa ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka kwafi lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ka saka a shafin Carfax ko na takwaransa AutoCheck, ka biya kuɗin rahoto, sai ga tarihinta a wayarka: hannu nawa ta bi, mil nawa ta ci, a wace jiha aka yi mata rajista. Wanda ya saba da dillalin da zai dafa bonet yana rantsuwa cewa wata tsohuwa ce ke zuwa cefane da ita, dole ya riƙe baki.

To amma kuɗin da inshora ya biya na gyara, yana fitowa a ciki? Wani yana fitowa, wani ko alamarsa babu.

Idan kamfanin inshora ya ce motar ta tashi aiki, ya biya mai ita ya karɓe ta, wannan da wuya ya ɓuya. Doka ta tilasta wa kamfanonin inshora da masu tara mushen motoci su kai rahoto ga rumbun gwamnatin tarayya mai suna NMVTIS duk wata, kuma ana yi wa takardar mallaka tambarin lalacewa. Sai dai mudun awon ya bambanta daga jiha zuwa jiha. A Florida idan kuɗin gyara ya kai kashi 80 cikin ɗari na darajar motar an gama da ita, a Texas sai ya haura darajarta gaba ɗaya. Masu wayo kan sake rajista a wata jiha ko tambarin zai wanke.

Ƙananan gyare-gyare ne matsalar. Carfax yana tsintar labari ne daga 'yan sanda, da ofisoshin rajista, da garejin da suka yarda su ba shi. Wanda ya bugi sandar fitila, bai kira ɗan sanda ba, ya biya daga aljihunsa, shi ke nan an binne magana. Da yawa haka suke yi, domin ko ka je inshora kai za ka fara biyan dala 500 ko 1,000, sannan kuɗin inshorar da kake biya duk wata ya hau. Ainihin lissafin abin da inshora ya biya yana wani rumbu daban, CLUE na kamfanin LexisNexis, na tsawon shekara bakwai, kuma mai motar ne zai nemi nasa, ba mai saye ba. Motar da ta fito daga Copart ko IAA, kamfanonin da ke gwanjon motocin da suka lalace, wa za ka tambaya?

Saboda haka a haɗa takarda da ido. A saka lambar shasi a Google, sau da yawa hotunan gwanjo na nan da gaban motar a murƙushe. A duba VINCheck, shafin binciken lambar shasi na NICB, ƙungiyar yaƙi da zambar inshora, kyauta ne. Don gane ko ruwa ya taɓa cinye motar, a zaro bel ɗin kujera har ƙarshensa a nemi zanen laka, a ɗaga kafet a shinshina, a duba tsatsa a notin kujeru. Ambaliyar Houston ta 2017 ta koya wa mutane wannan. Idan an kunna makulli, fitilar eyabag ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu. Wadda ba ta kama sam ba, wataƙila an taɓa ta.

Mu kuwa a gida, inshorar naira 15,000 ɗin nan takardar nuna wa ɗan sanda ce kawai. A yi karo, a taru a bakin titi, a ce a yi haƙuri, a kai wa fanel bita ya cika da bodi fila, gobe a ce "ko ƙwarzane ba ta taɓa yi ba". Duk da haka ina kewar makanikan Ƙofar Ruwa, wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa da bayan yatsa ya ce, "Alhaji, nan an yi aiki." A nan Amurka sai ka biya sama da dala ɗari kafin wani ya ɗaga motar ya leƙa ƙarƙashinta.