Injin tausa mai bugawa: ya dace da doki, bai dace da kowane kare ba

Injin tausa na hannu, wannan mai batir wanda kansa ke shiga yana fita yana bugun tsoka, don 'yan wasa aka ƙera shi, amma yanzu masu dawaki da karnuka sun rungume shi. Hukuncinmu a kansa shi ne yana da amfani a manyan tsokokin doki, yana da haɗari a jikin ƙaramin kare, kuma ba ya gane inda ciwo yake.

Yawancinsu suna bugu tsakanin 1,200 zuwa 3,200 a minti, kan kuma yana nitsewa kimanin milimita 10 zuwa 16. A kwalin akan tarar da kawuna huɗu: mai ƙwallo mai taushi, mai faɗi, mai tsini, da mai baki biyu. Biyun farko kaɗai ke da aiki a jikin dabba. Mai tsini yana tara ƙarfin bugun wuri guda har ya bar rauni a ƙarƙashin fata, mai baki biyu kuwa an auna shi ne da ƙashin bayan mutum.

A jikin doki, ba a farawa da inji. Wani ya riƙe ragama, mai tausa ya tsaya a gefe, ya shafa dabbar da tafin hannu na minti biyar daga wuya zuwa kuturi. Wannan shafar ce ke nuna inda ya yi zafi, inda ya kumbura, da inda tsoka ta ɗaure, abin da inji ba zai taɓa nunawa ba. Sai a kunna shi daga nesa dokin ya saba da ƙarar, a bar shi ya shinshina, a ɗora a tsokar kafaɗa kan mafi ƙarancin gudu. Ba a dannawa, nauyin injin ya isa. A riƙa jan sa a hankali ana bin kwanciyar gashi, kada ya wuce minti ɗaya a wuri guda, aikin duka kuma minti 10 zuwa 15.

Inda ya fi burgewa shi ne doguwar tsokar da ke gefe biyu na gadon baya, wadda sirdi ke zama a kanta, sai kuturi da cinya. Waɗannan suna da kaurin da yatsu kan gaji kafin su ratsa. Wuraren da ba ya zuwa sam: kan ƙashin baya, tudun da ke tsakanin kafaɗu, tsinin ƙugu, kai, kwarin wuya inda babbar jijiyar jini ta bi, da duk abin da ke ƙasa da gwiwa, domin can babu tsoka, jijiya ce da ƙashi kawai. Doki mai jin daɗi yakan sunkuyar da kai ya saki leɓen ƙasa. In ya kwantar da kunnuwa baya, yana kaɗa wutsiya da ƙarfi, ko ya lanƙwasa baya yana gudun injin, a tsaya.

Babban aibinsa shi ne yana ɓoye asalin matsala. Gadon bayan da ke ciwo saboda sirdin da bai zauna daidai ba, ko kofaton da aka yanke a karkace, zai saki yau, gobe ya sake ɗaurewa. Akwai kuma halin da tausa ke ƙara ɓarna: doki ya sandare bayan sukuwa, kuturinsa ya yi tauri, yana gumi, fitsarinsa ya yi duhu. Tsokar ce ke lalacewa, bugu kuma ƙara mata lahani zai yi. Wannan na likitan dabbobi ne nan take. Haka zazzaɓi (zafin jikin doki lafiyayye yana wajen digiri 37.5 zuwa 38.5), sabon kumburi, buɗaɗɗen rauni, ƙari, da ciwon fata mai yaɗuwa.

A kare kuwa lissafin ya sauya. Nitsewar milimita 12 ba komai ba ce a kuturin doki, amma a cinyar ƙaramin kare ta kusa kaiwa ƙashi. Karnuka masu dogon baya da gajerun ƙafafu, irin Dachshund, sun yi suna wajen zamewar faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya, don haka kada injin ya kusanci bayansu. Babban kare mai tsoka zai iya jure kan ƙwallo a cinya da kafaɗa na daƙiƙa 20 zuwa 30, a mafi ƙarancin gudu. A lura da kyau: hamma, lasar leɓe da kawar da kai alamun takura ne a kare, ba na jin daɗi ba. Karen da ke ɗingishi da ƙafar baya kuma a fara kai shi a duba gwiwa da ƙugu, domin tsinkewar jijiyar gwiwa ba ta warkewa da tausa.

Wajen saye, a fifita mara ƙara sosai kuma mai gudun da ke sauka ƙasa, a kan mai ƙarfin bugu. Gashi da ƙura suna shiga sandar da ke motsa kan, su sa injin ya yi zafi, saboda haka a goge ta bayan kowane aiki, a wanke kawunan da sabulu kafin a taɓa wata dabba da su.