Zauren wasa da gwaji ko teburin taɓa kayan tarihi: wanne za ki ɗauka?

Malama, kin ce kina karatun koyar da ƙananan yara a Landan, ranakun Asabar ba ki da darasi, kuma kina son aikin sa-kai a gidan tarihi tare da yara da iyayensu. Kin rasa wanda za ki zaɓa tsakanin zauren da yara ke wasa da na'urori, da teburin da ake miƙa wa baƙi tsofaffin kaya su riƙe. Sunansu ɗaya, aikin sa-kai, amma abin da kowanne ke nema a wurinki daban ne.

Teburin tukuna. A British Museum, wanda aka kafa a 1753, akwai tebura a wasu zauruka inda 'yan sa-kai ke zama da kaya na gaske kamar tsofaffin tsabar kuɗi da kayan aikin dutse. Gidan tarihin Horniman da ke Forest Hill, wanda wani ɗan kasuwar ganyen shayi ya buɗe a 1901, shi ma yana da ɗakin kayan taɓawa. Aikin na zama ne da hira. Yaro zai ɗauki abu ya tambaye ki shekarunsa nawa, wa ya ƙera shi, ke kuma idonki na kan hannunsa kada ya sake shi ƙasa. Sai kin yi karatun kayan sosai, domin manya ma suna tsayawa, wasunsu sun fi ki sani. Ga mai son tarihi, ko wadda hayaniya ke damunta, nan ne wurinta.

Zauren wasa kuwa ba zama. Je ki Science Museum a South Kensington ki gani da idonki: a ƙasan bene akwai The Garden na 'yan shekara 3 zuwa 6, inda suke wasa da ruwa sanye da rigar leda, a sama kuma Wonderlab, zauren gwaje-gwajen kimiyya da aka buɗe a 2016. Masu kula da waɗannan biyun ma'aikata ne da ake biya, amma irin aikin da ɗan sa-kai ke tarar da shi a zaurukan yara ke nan: tsayuwa, durƙuso, goge ruwa, mayar da kaya mazauninsu, raba masu rigimar layi. A makon hutun tsakiyar zango sai ka ce kasuwar jajiberin salla.

Duk da haka shi nake ba ki shawara, saboda karatunki. A teburi ke ce mai ilimin, yaro yana karɓa. A zauren wasa amsar tana hannun yaron, aikinki ki danne zuciyarki kada ki faɗa masa. Yarinya ta toshe hanyar ruwa ya malale ta gefe, ki tambaye ta me take ganin zai faru in ta cire wancan katakon, sannan ki ja baya. Wannan haƙurin ba a koyonsa daga littafi. Kuma rabin aikin da iyaye ne. Akwai uban da zai karɓe abin daga hannun ɗansa ya yi masa, akwai uwar da ta gaji ta koma kan waya. Jawo su cikin wasan ba tare da sun ji an raina su ba, shi ne abin da za ki yi ta yi a makaranta nan gaba. Mu da muka taso ana ce mana kar a taɓa, mun san darajar wurin da ake ce wa yaro taɓa ka gani.

Abu biyu sun shafi duka biyun. Ba za a bar ki ke kaɗai da yaro ba, nauyinsa na kan wanda ya kawo shi, kuma wasu wuraren za su nemi binciken DBS, wato duba ko kina da tarihin aikata laifi, kafin ki fara. Na biyu ya fi muhimmanci: in bizar ɗalibai gare ki, dokar Birtaniya ta bambanta sa-kai na ganin dama da aikin da ba albashi amma aka ɗaure ki da ranaku da ayyuka. Wannan aikin da aka ɗaure ki da shi yana shiga lissafin awa 20 da aka yarje wa ɗaliban digiri a mako lokacin karatu. Kafin ki sa hannu a kowace takarda, kai ta ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'arki su duba miki.